Allurar Ba Ita Ce Mai Wuya Ba: Rayuwa da Ciwon Sukari Mai Buƙatar Insulin

Ƙarfe uku na dare, kowa na barci, ga wani ya farka jiƙe sharkaf da zufa, hannu na karkarwa, zuciya na dukan uku-uku. Ya laluɓo na'urar gwada sukari, ya tsira yatsa, ya ɗiga jini. Na'ura ta nuna 58, sukarin jininsa ya faɗi. Ya miƙa hannu gefen gado ya ɗauko alewar da ya ajiye don irin wannan daren.

In kuka tambayi mutane abin da ya fi wuya a wannan ciwo, yawanci za su ce allurar. Masu ciwon kuwa dariya za su yi. Allurar yanzu siririya ce, wata ma tsawonta milimita 4 kacal. Abin da ke gajiyar da su lissafi ne, lissafin da babu ranar hutu a cikinsa.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, daidai wa daida, dare da rana, mai jikin bai ma san ana yi ba. A nau'in farko na ciwon sukari, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke wannan aiki. Ba shan zaƙi ya jawo ba, kuma yakan kama har ƙananan yara. Wasu masu nau'i na biyu ma sukan kai ga allura bayan shekaru. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka yi aikinsu a Toronto ta Kanada, yaron da ya kamu da nau'in farko ba ya daɗewa a duniya. A Janairun 1922 aka fara yi wa wani ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya kuwa rayu. Sai dai insulin ba ya warkarwa, aikin gaɓar ne kawai ya dawo hannun mai ita.

Ku dubi cin abinci. Kafin loma ta farko sai an gwada jini, a kimanta yawan sitacin da ke cikin kwano, sannan a yanke yawan insulin. Abin takaicin shi ne, abinci ɗaya da allura ɗaya, jiya sukari ya zauna lafiya, yau ya yi sama. Maiƙo na jinkirta narkewa, sai sukarin ya hau bayan ƙarfin allurar ya fara raguwa. Ɓacin rai na ɗaga shi. Da asuba jiki na sakin wasu sinadarai da ke ɗaga shi ko ba a ci komai ba. Motsa jiki kuwa na iya sauke shi sa'o'i bayan an gama, cikin barci, kamar yadda ya faru da mutuminmu na farko.

Faɗuwar sukari ita ce abin tsoron. Da ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sha sukari mai saurin shiga jini kimanin giram 15, a jira minti 15, a sake gwadawa. A baki da sauƙi. Amma ƙwaƙwalwar da za ta yi wannan lissafi ita ce sukarin ya yanke wa. Mutum sai ya riƙa magana a harharɗe, ko ya hau faɗa ba gaira ba dalili, na kusa su ɗauka ya sha wani abu ne. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: in ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa glukagon, maganin da ke ɗaga sukari da gaggawa, in yana da shi, a nemi taimakon gaggawa.

Ɗaya ɓangaren ma ba wasa ba ne. Ranar da zazzaɓi ko amai ya hana cin abinci, sai mutum ya ce bari ya bar allurar, alhali rashin lafiya ɗaga sukari take yi. In insulin ya yanke, jiki na komawa ƙona kitse, jini ya yi tsami, kafin a ankara sai gadon asibiti.

Shi kansa maganin ɗan lele ne. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. Wanda aka buɗe, yawanci kwana 28 ne wa'adinsa. A mance shi cikin mota a rana, ko a bar shi ya daskare, ya lalace, kuma sau da yawa ido ba ya ganewa, sai dai a ga sukari ya ƙi sauka. Wurin allura ma sai ana canzawa, don in aka nace wa waje ɗaya yakan yi ƙulli, maganin ya daina shiga yadda ya kamata.

Sannan ga bakin mutane. "Kai, an yarda ka ci wannan kuwa?" Tambaya ce ta kulawa, amma wanda ya ji ta sau ɗari ya gaji da ita. Na'urorin zamani da ake mannawa a hannu, masu auna sukari kowane 'yan mintuna, sun rage tsira yatsa sosai, sai dai ba kowa ke iya samunsu ba, kuma su ma ƙararsu na tada mutum tsakar dare.

Mutuminmu dai ya koma barci wajen ƙarfe huɗu. Da gari ya waye ya gwada, sai ga 240, domin a firgicen daren ya ci alewa fiye da kima. Ƙarfe takwas ake jiransa a wurin aiki, ga karin kumallo a gabansa yana hucewa, ya ɗauko allura ya fara ƙirgawa.