Laccar Jos: in ka tsinci tsuntsu a ƙasa kafin masana su karɓe shi

Toh jama'a barkanmu da yamma, iyayena da ke baya kuna ji na ko? Madalla.

Ina yaro a Unguwar Rogo iskar hadari ta kakkaɓo wata 'yar kurciya daga bishiyar mangwaro, na ɗauke ta na buɗe mata baki na ɗura mata madara da cokali, wallahi tausayi ne ya sa ni, amma ko awa ɗaya bata yi ba sai ga kumfa a hancinta, ta mutu a tafin hannuna. Sai da na girma na gane ƙofar numfashin tsuntsu tana nan bayan harshensa, abin da ka ɗura yana iya zarcewa huhu, ita kuma madarar shanu cikinsa ma baya narkar da ita. Don haka dan Allah kar a ɗura ruwa, kar a ɗura koko, kar a tura burodi. Yunwar 'yan awanni ba ita ke kashe shi ba, sanyi da firgita ne.

Abin da yake buƙata kwali ne kawai, irin na taliya ma ya isa. Ka huda shi, ka shimfiɗa tsohon zani mara zare-zare don kar farcensa ya maƙale, ka sa shi ka rufe, ka kai ɗakin da babu rediyo babu yara babu kyanwa. Duhu na kwantar masa da hankali. Kuma kun san sanyin Jos a Disamba da Janairu, ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba baya iya riƙe ɗumin jikinsa, sai a zuba ruwan ɗumi a gora a naɗe da tsumma a ajiye gefe guda, yadda in zafi ya ishe shi zai matsa.

Amma fa ba kowanne ne maraya ba. Wanda gashinsa ya fito yana tsalle-tsalle ƙarƙashin bishiya, koyon tashi yake, uwar na kusa tana kallonka, ka kore kyanwa ka ja da baya. Wanda yake tsirara kuwa in hannunka zai kai sheƙar ka maida shi. Zancen wai in ka taɓa shi uwar zata ƙi shi, ba haka bane.

Wanda kyanwa ta kama, ko baka ga jini ba a nemi likitan dabbobi ranar, ƙwayoyin cutar bakinta na kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya biyu. Shaho da shirwa ka jefa masu bargo tukuna, faratansu ne abin tsoro, zalɓe kuma ido yake nema da bakinsa.

In ka ga sun mutu da yawa wuri ɗaya kar ka taɓa, kar ka kusantar da kajinka. Tun 2006 murar tsuntsaye ta shigo Najeriya, kuma ga cibiyar binciken cututtukan dabbobi nan a Vom. Ga kuma APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye, a dajin Amurum wajen Laminga, ba asibiti bane, wajen bincike ne, amma sanin tsuntsu nasu ne. Tsuntsun da ka tsinta da rai kuwa, ka ɗau hotonsa ba tare da kunna hasken kamara ba, ka riƙe daidai inda ka tsince shi don can za a maida shi in ya warke, sannan ka wanke hannu da sabulu.

Hajiya ta tambaya mujiya fa? Hajiya, mujiya ɓeraye take cinye mana a rufin gida, kuma tana shan jifa a garin nan, yara na ganinta da rana sai danƙo da duwatsu. Itama kwalin nan ne, sai dai a samo babba, kuma a rufe ta da bargo kafin a ɗaga.