Wa ya faɗi wannan ayar?

Rahila: Jama'a, salama gare ku, barkanmu da sake haɗuwa. Tun shirin makon jiya wayar Baba Fasto ba ta huta ba.

Iliya: Tawa ma. Wata baiwar Allah ta kira ni, ko gaisuwa babu, sai cewa ta yi, "Ku gaya wa Baba ya mayar mini da ayata."

Baba Fasto: (dariya) Ni ban ɗauke wa kowa aya ba. Tana nan inda take, Ayuba 22:28, wadda ke cewa za ka ƙudura abu ya tabbata maka. Tambaya ɗaya na yi: daga bakin wa ta fito?

Rahila: Elifaz.

Baba Fasto: Elifaz, abokin Ayuba. Kuma a wannan surar dai, ki hau sama kaɗan zuwa aya 5 har 9, ki ji abin da yake jifan Ayuba da shi. Wai ya hana mai ƙishi ruwa, ya kori gwauraye hannu wofi. Ƙazafi ne tsagwaronsa. Mu da muka karanta sura ta 1 mun san shaidar da Allah da kansa ya yi wa Ayuba. Sai a 42:7 Allah ya ce wa Elifaz ɗin nan fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. To ke baiwar Allah mai neman ayarki, kin ɗauki maganar wanda aka tsawata wa, kin rubuta a kan ƙofa, kina cewa alkawarin Allah ne.

Iliya: Amma Baba, tsaya. Manzo Bulus fa ya ɗauko maganar Elifaz ɗin nan. 1 Korintiyawa 3:19, cewa Allah yana kama masu hikima cikin wayonsu. Daga Ayuba 5:13 take, kuma har ya ce "a rubuce yake".

Baba Fasto: Madalla, ɗana, yau ka yi karatu kafin ka zo.

Iliya: Kullum ina yi!

Rahila: Allah na jinka.

Baba Fasto: Gaskiyarka ce. Ban ce duk abin da Elifaz ya furta ƙarya ne ba. Yakan faɗi magana daidai, ya ɗora ta a kan wanda bai kamata ba. Da me za ka tantance? Da sauran Littafi Mai Tsarki. Bulus bai tsinci ayar a hanya ba, ya san littafin Ayuba daga farko har ƙarshe. Ai Iblis ma ya iya aya. A Matiyu 4 ya kawo wa Yesu Zabura 91, cewa mala'iku za su tallafe shi, don haka ya yi tsalle daga kan Haikali. Yesu bai ce babu ayar ba. Ya amsa masa da wata, Maimaitawar Shari'a 6:16, kada a gwada Ubangiji. Nassi ne ya ja wa nassi linzami.

Rahila: Ni laifin lambobin nan nake gani. Da an ce sura kaza aya kaza, sai mutum ya ji kamar kowace aya gidanta daban.

Baba Fasto: Kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bulus bai rubuta "sura 4 aya 13" ba, wasiƙa ya rubuta, aka karanta wa ikilisiya a zama ɗaya. Surorin da muke da su an danganta su ne ga Stiben Lanton, babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551, wani Bafaranshe mai ɗab'in littattafai, Robat Estiyen, ya sa su. Ɗansa ya ce a kan hanyar tafiya daga Faris zuwa Liyon ya yi aikin, tafiyar doki.

Iliya: A kan doki?

Baba Fasto: Shi ya sa ake tsokana cewa duk inda dokin ya yi tuntuɓe, nan alƙalami ya diga lamba.

Iliya: Ashe doki ne ya raba mana ayoyi!

Rahila: Wasa ne fa, Iliya, kada wani ya hau bagade ranar Lahadi ya ce ya ji a shirinmu.

Iliya: A'a, bari mu bi zancen. Yahaya 11:35, "Yesu ya yi kuka", gajeriya ƙwarai. Nan dokin ya yi tuntuɓe sau biyu a jere.

Baba Fasto: Rami ya faɗa.

Iliya: Esta 8:9 kuma, mai tsawon nan, nan ya samu miƙaƙƙiyar hanya ya saki ƙafa.

Rahila: Esta a Tsohon Alkawari take, malam mai karatu. Dokin bai bi ta can ba.

Iliya: To wani dokin ne. Ƙaninsa.

Baba Fasto: (dariya) Ko jakar Bal'amu, dabbar nan da Allah ya buɗe wa baki ta yi magana.

Iliya: Ita ai da ta yi magana, ta ce, "Maigida, jimlar ba ta ƙare ba!"

Rahila: Don Allah ku sauko daga dokin nan, lokaci na tafiya.

Baba Fasto: To mun sauka. Lambobin suna da amfani, da su muke samun wuri da sauri. Amma ki duba Filibiyawa 4:13, zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni. Ɗalibi da bai yi karatu ba ya riƙe ta ranar jarrabawa. Ayoyi biyu kafin ita me Bulus ke cewa? Ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Yana ɗaure a kurkuku yake rubutun. Abin da yake cewa zai iya, har da kwana da yunwa ba tare da bangaskiyarsa ta girgiza ba. Ni dai wannan ta fi mini nauyi. Wadda ake liƙawa a bango takan bar ka ranar da ka faɗi jarrabawar. Ta Bulus a ranar ce take fara aiki.

Rahila: Irmiya 29:11 fa? Ita ce aka fi tambaya bayan ta Ayuba.

Baba Fasto: Wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe daga Urushalima zuwa Babila. Aya 10 ta ce sai shekara 70 ta cika. Kafin nan an ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su yi wa birnin da ya bautar da su addu'a. A sura 28 akwai Hananiya da ya yi musu albishir cewa cikin shekara 2 kome zai dawo. Shi ne annabin ƙarya, kuma shekarar ba ta fita da shi ba. Yawancin dattawan da suka ji wasiƙar nan a Babila aka binne su.

Iliya: To kenan ba tamu ba ce?

Baba Fasto: Tamu ce, amma ta ƙofa za mu shiga, ba ta katanga ba. Allahn da ya riƙe alkawari shekara 70 shi ne namu. Littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, amma tsintsiya ce maɗaurinta ɗaya. Ka zare sili ɗaya ka ga ko zai yi shara. Itacen rai da aka tsare hanyarsa a Farawa 3, shi ne ka sake tararwa a Wahayi 22, ganyensa na warkar da al'ummai. A hanyar Imuwasu, Luka 24, Yesu ya fara daga Musa, ya bi ta annabawa duka, yana nuna wa almajirai biyun nan abin da ya shafe shi. Ko Romawa 4 da Yakubu 2, da mutane ke haɗa su faɗa kan bangaskiya da ayyuka, aya ɗaya suka ɗauko, Farawa 15:6, sai dai tambayar da kowannensu ke amsawa…

Rahila: Baba, mai ɗaukar murya yana ɗaga mini hannu.

Baba Fasto: Har yanzu? Ai ban kai ga matakai ukun da na rubuto ba.

Iliya: Faɗi na farko kawai.

Baba Fasto: Karanta surar gaba ɗaya. Na biyu kuwa…

Rahila: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mai neman ayarta, ki kira Baba kai tsaye.

Iliya: Ko ki tambayi dokin.