Amsoshin Tambayoyinku: Jan Karaban a Hanyoyin Karkara

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke zaune a birnin Manchesta na ƙasar Ingila. Ya ce ya sayi karaban na hannu, yana son ya kai iyalinsa yankin tsaunukan arewacin Sikotland idan yara sun samu hutu, amma bai taɓa jan ko da ƙaramar tirela ba, kuma duk sa'ad da ya tuno da siraran hanyoyin karkara sai gabansa ya faɗi. Yana tambaya ko me doka ta tanada, kuma ta ina zai fara.

Ga waɗanda ba su san shi ba, karaban ɗaki ne mai taya, da gado da wurin girki a ciki, wanda ake maƙala wa mota a baya a tafi da shi yawon hutu. Ba ayarin fatake ba ne, ko da yake Turawa suna kiran su biyun da suna ɗaya.

To Malam, batun lasisi ba shi da tsawo. Tun daga ranar 16 ga Disamban 2021, mai cikakken lasisin mota na Birtaniya yana iya jan tirelar da nauyinta da kaya bai wuce kilo 3,500 ba a Ingila da Sikotland da Wales, ba tare da wata sabuwar jarrabawa ba. Gudunka kada ya wuce mil 50 a sa'a a titi mai hannu biyu da ba a raba tsakiyarsa ba, ko mil 60 a manyan titunan da aka raba tsakiyarsu, kuma rashin maduban da za su nuna maka bayan karaban sosai yana iya jawo tara har ta fam 1,000.

Abin da ya fi kamata ka daɗe a kansa shi ne nauyi, domin yawancin abin da ke firgita sabon direba a hanya tun daga ƙofar gida ake haifar da shi. Ƙungiyoyin masu karaban suna ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban da kayansa ya haura kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da babu kaya a cikinta. Wato idan motarka kilo 1,600 ce, ka tsaya a kilo 1,360. Wannan shawara ce, amma iyakar da kamfanin motar ya rubuta ba a ƙetare ta. Kaya masu nauyi a ajiye su a ƙasa, daidai kan tayoyi, domin idan aka jibge su a ƙarshen baya, karaban zai fara kaɗa jela da zarar iska ta buge shi ko babbar mota ta wuce. Idan hakan ta faru, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali har rawar ta lafa. Taka birki da ƙarfi a wannan lokaci ƙara dagula al'amarin yake yi.

A arewacin Sikotland za ka tarar da hanyoyin da mota ɗaya kaɗai suke ɗauka, an yi musu 'yan wuraren raɓewa jefi-jefi. Idan wurin yana hagunka, ka shiga. Idan yana dama, ka tsaya daura da shi, mai zuwa ya shiga. Amfanin wuraren bai tsaya ga masu tahowa ba: in motoci sun taru a bayanka, ka raɓe su wuce, kada hon ɗin wani ya sa ka ƙara gudun da ba ka iya ba. A kwana ka buɗe hannu, domin tayoyin karaban suna yanke kwanar fiye da na mota, a gangara kuma ka sauko da giya tun kafin ka fara sauka.

Na'urar nuna hanya ba ta san faɗin abin da kake ja ba, saboda haka ka bi kwatancen da wurin saukarka ya bayar. Akwai hanyar da ake kira Bealach na Bà, wadda take hawa dutse har tsayin mita 626 kafin ta gangara garin Applecross, kuma a bakinta an kafa allo mai gargaɗin cewa ba ta dace da karaban ba. A ganinmu, wannan ka bar ta ko da ka ƙware.

Ribas kuwa sai da koyo. Ka nemi fili babu kowa, ka ɗora hannu a ƙasan sitiyari, ka matsa shi zuwa ɓangaren da kake son bayan karaban ya nufa, uwargida kuma ta tsaya inda kake hango ta a madubi tana yi maka ishara. Kafin ku tashi, ka tabbata igiyar da ke kama birkin karaban idan ya ɓalle tana maƙale, sannan yara duk su shiga mota, domin doka ta hana kowa zama cikin karaban yayin da ake jan sa.

Sai wasiƙa ta gaba.