Kamara ba ta riƙe hannun tsohuwa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Na san wani zai ce ina ruwan Basakkwace da tashar jirgin ƙasa, tunda layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya tsaya Ƙaura Namoda tun 1929 bai ƙaraso mana ba. To da ruwanmu ƙwarai. Mutanenmu nawa ke kwasar hanya tun asuba su bi Gusau da Funtuwa su faɗa Kaduna, don kawai su hau jirgi a Rigasa zuwa Abuja saboda tsoron hanyar mota? 'Yan kasuwa, ɗalibai, masu zuwa asibiti, duk namu ne.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne maganar da ake ta yayatawa wai zamani ya zo, tikiti ta intanet ake saye tun 2021, in an kafa kamara a kowane lungu shi ke nan tasha ba ta buƙatar ma'aikata da yawa. Haba jama'a! Kamara kallo take yi, ba ta kama kowa. In yaro ya ƙwace daga hannun uwarsa ya nufi bakin dogo jirgi na tahowa, wa zai fizgo shi? Sai mutum, mutum mai rai wanda aka ɗauka aiki aka ce nan ne wurinka kar ka gusa.

Ku ɗauki tsohuwa guda da ta fito daga Wurno ko Gwadabawa za ta je ganin jika. Jikan ne ya saya mata tikiti ya turo a waya, wayar tata kuma ƙarama ce mai tocila, ga buhu a ka ga leda a hannu, ana ta sanarwa a lasifika da Turanci ba ta jin ko kalma ɗaya, ba ta san taragonta ba balle kujerarta, ga matakalar jirgi da tsawo, jama'a na turo ta ta baya. In babu ma'aikaci mai jin Hausa da zai ce mata Inna kawo kayan, bi ta nan, to wa kuke zaton zai tare ta? 'Yan cuwa-cuwar tikiti da ɓarayin aljihu, su kam ba sa fashin zuwa aiki.

Kuma mun ga abin da ya fi haka muni. Ran 28 ga Maris 2022 aka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna bam, aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji, sai Disamba jirgin ya dawo aiki. Wata guda bayan dawowar, ran 7 ga Janairu 2023, 'yan bindiga suka shiga har cikin tashar Igueben a jihar Edo suka tasa ƙeyar fasinjojin da ke zaune suna jiran jirgin Warri. Cikin tasha fa! Wurin da mutum ya biya kuɗinsa ya zauna yana ganin ya tsira.

Masu cewa babu kuɗin albashi, don Allah su bar wannan zance. Wanda ya iya cin bashin biliyoyi ya gina dogo bai isa ya ce albashin mai gadi da mai duba tikiti ne ya gagare shi ba. Ban ce yawan ma'aikata kaɗai zai hana ɗan bindiga ba, wannan aikin jami'an tsaro ne kuma su ma a ƙara su, amma tashar da ba kowa ko ihu ba mai yi.

Don haka Hukumar Jiragen Ƙasa ta ɗauki mutane, ta horar da su, ta biya su kan kari. A sa ma'aikaci a ƙofa, a sa a bakin dogo, a sa mata da za su kula da mata, a ajiye mai agajin gaggawa har jirgin ƙarshe ya tashi. Ga layin Kano zuwa Maraɗi ana kan ginawa tun 2021, tun yanzu ya kamata a fara horar da waɗanda za su tsaya a tashoshinsa. Su kuma 'yan majalisarmu na Sakkwato da ke neman a kawo mana dogo, in sun tashi magana a Abuja su tambaya ma'aikata nawa aka tanada wa kowace tasha.