Darasi: Yadda Ake Gane Girman Tiredin Noti a Awon Milimita da na Inci

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. A kan teburin da ke gabana akwai notuna maza guda biyu, waɗanda duk wanda ya dube su da ido zai rantse cewa uwa ɗaya ta haife su, domin tsawonsu ɗaya ne, kaurinsu ma kusan ɗaya. Ga kuma macen noti guda. Idan na ɗaura ta a kan na farko, kuna gani tana tafiya sumul da yatsu biyu har ƙarshe. A kan na biyu kuwa, ta yi zagaye biyu ko uku sai ta cije. A daidai wannan gaɓar ne mutane da dama suke ɗauko sifana su matsa da ƙarfi, suna zaton tsatsa ce ko datti, har su cinye tiredin, wato haƙoran da ke nannaɗe a jikin notin, gaba ɗaya, alhali notin farko na awon milimita ne, na biyun kuma na awon inci.

Abu biyu ne suke bayyana kowane tiredi. Na farko shi ne kaurin notin, wanda ake aunawa daga saman haƙori na wannan gefe zuwa saman haƙori na wancan gefe. Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙorin da ke biye da shi. Duk tsare-tsaren biyu suna faɗin waɗannan abubuwa, sai dai kowanne da irin bakinsa.

A tsarin milimita, wanda hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta tsayar, za ku ga an rubuta M8 × 1.25. Harafin M yana nuna tsarin, lamba 8 tana nufin kaurin milimita takwas, 1.25 kuma ita ce tazarar haƙoran, wato duk zagaye ɗaya da aka murɗa, notin zai shiga da milimita ɗaya da kwata. Idan an rubuta M8 kawai, ana nufin mai manyan haƙora, wanda shi ne na yau da kullum: M6 yana tafiya da 1, M8 da 1.25, M10 da 1.5, M12 kuma da 1.75. Akwai masu ƙananan haƙora irin su M8 × 1 da M10 × 1.25, kuma su dole ne a rubuta tazararsu. Lamba ta uku, idan ta biyo baya, tsawon notin ce, kuma a noti mai kai na sifana daga ƙarƙashin kan ake fara awon.

A tsarin inci, wanda ya fi ƙarfi a Amurka, lissafin juyawa yake yi, kuma nan ne masu koyo suke yawan tuntuɓe. Idan aka rubuta 5/16-18, kaurin kashi biyar ne cikin goma sha shida na inci, amma 18 ɗin adadin haƙoran da ke cikin inci ɗaya ne. Saboda haka a nan ƙaruwar lamba tana nufin haƙora sun ƙanƙance, a tsarin milimita kuwa ƙaruwarta tana nufin sun girma. Masu manyan haƙora ana yi musu laƙabi da UNC, kamar 1/4-20, 3/8-16 da 1/2-13, masu ƙanana kuma UNF, kamar 1/4-28, 3/8-24 da 1/2-20. Sukurorin da ba su kai kwatan inci ba galibi lamba ake ba su: lamba 0 tana da kaurin inci 0.060, kowace lamba kuma tana ƙara 0.013, don haka lamba 10 ta zama 0.190. Sukurun da ke ɗaure kyamara a kan ƙafafunta 1/4-20 ne, ko da a ƙasar da ba ta awo da inci aka ƙera ta.

Yanzu mu koma kan notunanmu biyu: na farkon da macen M8 ne, na biyun kuma 5/16-18. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kaurin 5/16 ya kama milimita 7.94, wanda ido ba zai bambance shi da 8 ba. Idan kuma muka raba 25.4 gida 18, tazarar ta zama kusan 1.41, ta M8 kuwa 1.25 ce. A kowane zagaye ana samun saɓanin kimanin milimita 0.16, kuma kafin a kai zagaye na uku saɓanin ya taru har haƙoran sun hau kan juna. Abin da ya sa macen ta cije ke nan.

Wannan rarrabuwa tana da asali. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da tsarinsa a Ingila, mai kusurwar haƙori digiri 55, sannan a 1864 William Sellers ya gabatar da nasa a Amurka mai digiri 60. Wahalar musayar kayan gyara a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta sa Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tsarin inci na bai ɗaya a 1949. Tsofaffin injunan Ingila har yanzu suna ɗauke da tiredin Whitworth, inda notin rabin inci yake da haƙora 12 a cikin inci ɗaya a madadin 13.

Akwai wata al'ada ta bakanikai da nake ganin tana jawo asara, wato kiran noti da lambar sifanar da ke kwance shi. Sifana kan noti take aunawa, ba ruwanta da tiredi. Notin M8 bisa tsarin Turai sifana 13 yake ɗauka, amma a yawancin motocin Japan sifana 12 ce, kuma tiredinsu ɗaya ne. M10 ma ana samunsa da kai na 17, ko 16, ko 14.

Hanyar tantancewa ita ce a fara duba kan notin. Idan an buga lambobi irin su 8.8, 10.9 ko 12.9, na milimita ne, kuma lambobin ƙarfinsa suke nunawa. Idan layuka ne da suka nufi tsakiya, na inci ne: layi uku daraja ta 5, layi shida daraja ta 8. Daga nan a auna kaurin da ma'aunin kauri, tare da sanin cewa awon yakan gaza lambar da aka rubuta da ɗan kaɗan, har M8 ya nuna 7.9, wanda shi ya sa kauri kaɗai ba ya raba gardama. Sai a ɗauko ma'aunin haƙora, wannan mai ganyayyakin ƙarfe kamar ƙananan zarto, a riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya ana ɗagawa sama ta fuskar haske. Ganyen da ya zauna daram ba tare da haske ya ratsa ba, lambarsa ce amsar. Wanda ba shi da shi ya ɗora rula, ya ɗauki haƙorin farko a matsayin sifili, ya ƙirga tazara goma. Idan ya sami milimita 12.5, M8 ne; idan ya sami 14 da ɗoriya kaɗan, 5/16-18 ne.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne tiredin da ba ya cijewa ko kaɗan. Sukurun 10-32, wato lamba 10 mai haƙora 32 a inci ɗaya, yana da kaurin milimita 4.83 da tazarar 0.794, M5 kuma tazararsa 0.8 ce. Ga shi na saka 10-32 a cikin macen M5, ya shige har ƙarshe ba gardama, amma ku lura da yadda yake rawa idan na girgiza shi. Gefen haƙoran ne kawai suke riƙe da juna, kuma da zarar an matsa shi sosai ko nauyi ya hau kansa, yana iya zamewa ya fito da tiredin. Rula ba za ta nuna wannan bambancin tazara ba, don haka a nan ma'aunin kauri ne zai yi hukunci: abin da ya kusanci 4.8 na inci ne, abin da ya haura 4.85 ya doshi 5 kuma M5 ne.