Takardar Ajiye Aiki: Yadda Za Ka Rubuta Ta Ba Tare da Ka Yi Asarar Haƙƙinka Ba

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

Ka samu sabon aiki, ko za ka koma karatu, ko kuwa dai zaman wurin ne ya ishe ka. To, kafin ka tattara kayanka daga kan tebur, akwai takarda guda da za ta ci gaba da zama a fayil ɗinka shekara da shekaru bayan tafiyarka. Ita ce takardar ajiye aiki, kuma ita za mu duba yau.

Kada ka yi saurin ɗaukar biro. Fara lalubo takardar ɗaukarka aiki tukuna, wadda aka ba ka ranar da ka fara, ko da tana can ƙasan akwati. A cikinta akwai layin da ya faɗi tsawon notis ɗin da za ka bayar kafin ka tafi. Wani wurin wata guda ne, wani wurin wata uku, musamman ga manyan ma'aikata. Abin da ka sa wa hannu shi ne zai yi aiki a kanka.

Idan ba a rubuta komai ba fa? A Najeriya, Dokar Ƙwadago ta yi magana a sashe na 11. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, notis ɗinsa kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako guda. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata guda. Dokar ta ce duk notis ɗin da ya kai mako guda dole a rubuce yake. Ka ga kenan tsayawa a bakin ƙofar oga ka ce, “Ranka ya daɗe, ni fa daga ƙarshen wata na tafi,” bai wadatar ba. Sai dai a lura, wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su likitoci da injiniyoyi, yarjejeniyarsu ce ke riƙe da su.

Ga wani ɗan lissafi da mutane ke yawan kuskurewa: ranar da ka miƙa takardar ba ta cikin ƙirga. A ce sakatariya ce a wata makarantar kuɗi a Zariya, shekararta uku tana aiki, ba a rubuta mata tsawon notis ba. Nata mako biyu ne. Idan ta miƙa ranar 3 ga wata, ƙirga zai fara ranar 4, ranarta ta ƙarshe kuma 17 ga wata. In ta ɗauke ƙafa tun ranar 10, ta ba makarantar hujjar riƙe mata kuɗin kwanakin da suka rage. Idan kuma sabon wurin na jiranka da gaggawa, doka ta yarda ka biya albashin kwanakin notis a maimakon zaman, ko ka roƙi a yafe maka. In an yafe, ka nemi a rubuta.

Yanzu ga takardar kanta. Gajeriya ce, ko rabin shafi ba sai ta cika ba. A yawancin ofisoshin Najeriya da Turanci za ka rubuta, a Nijar da Faransanci, amma ƙashin bayanta ɗaya ne. A sama sunanka, lambarka ta ma'aikaci da kwanan wata. Sai muƙamin wanda kake rubuta wa. A aikin gwamnati ba a tsallake shugaban sashe, ta hannunsa takarda ke bi ta hau sama. Daga nan sai kan magana, sai gundarin wasiƙa. Ji yadda take a Hausance:

“Ina sanar da ku cewa na ajiye aikina na akawu a wannan kamfani. Bisa yarjejeniyar ɗaukata aiki, na ba da notis na wata guda daga yau, kuma ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga wata mai kamawa. Zan miƙa duk ayyuka da kayan da ke hannuna ga wanda kuka zaɓa kafin wannan rana. Na gode da damar da kuka ba ni da abubuwan da na koya a nan.”

Sai sa hannu. Shi ke nan.

Ka lura da abin da aka ce: “ina sanar da ku.” Ba a ce “ina roƙon a ba ni izini” ba. Kotunan Najeriya sun daɗe da tsayawa a kan cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, mai kamfani ba shi da ikon cewa bai karɓa ba. Da zarar takarda ta isa hannunsu, ta fara aiki. Ladabi daban, neman izini daban.

Dalilin tafiya kuwa, ba dole ba ne ka faɗa. Kuma a nan ne da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Mutum ya sha haƙuri shekara huɗu, an hana shi ƙarin girma, an yi masa tsawa a gaban na ƙasa da shi, sai ya ce yau ce ranarsa, ya cika shafi uku da sunayen mutane da laifukansu. Zuciya za ta yi sanyi na kwana biyu, gaskiya ne. Amma wanda zai buɗe fayil ɗin nan bayan shekara biyar, lokacin da wani banki ko wata ƙungiya ta aiko tana tambayar halinka, bai san ogan ba, bai san abin da ya faru ba. Fushinka kawai zai gani a rubuce. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Idan kana bin su albashi ko alawus, rubuta wata takarda dabam, da watanni da adadin kuɗi dalla-dalla. In abin ya ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda irin wannan shari'a aikinta ne.

Shawarata kuma, kafin takarda ta isa teburin oga, kai ka fara isa. Minti biyar ya isa: ka shiga, ku gaisa, ka faɗa masa da bakinka. Babu shugaban da ke son ya ji labarin tafiyar yaronsa a bakin masinja. Saƙon WhatsApp da tsakar dare kuwa, a bar shi.

Ranar miƙawa, tafi da kwafi biyu. Ɗaya nasu, ɗaya naka. A naka ɗin, sakatare ko jami'in kula da ma'aikata ya buga hatimi, ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata. Kada ka ji kunyar tsayawa har sai an buga. Wannan ɗan tawadar ne zai raba gardama ranar da wani ya ce ai gudu ka yi, ba ajiyewa ba. A aikin gwamnati, ɓacewa ba tare da takarda ba laifi ne babba da kan kai ga kora, kuma wanda aka kora ba ɗaya yake da wanda ya ajiye ba. Idan ta imel ka aika, tura wa kanka kwafi a adireshinka na ƙashin kai, domin na ofis rufe shi za a yi.

Saura 'yan abubuwa kafin ranar ƙarshe. Bashin kofaretib, ko yarjejeniyar da ka sa wa hannu lokacin da aka tura ka karatu, ka san matsayinsu tun da wuri. Katin shaida, makullai da kwamfutar ofis, ka miƙa a rubuce. Asusunka na fansho naka ne, zai bi ka sabon wuri da lambarsa. Dokar fanshon Najeriya ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, mai ɗaukar aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonka ka ga ko kuɗin na shiga kowane wata, don bibiyarsu ta fi sauƙi kana ciki. Wanda kuma ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, yana iya neman kashi 25 na abin da ya tara.

Sai lokacin miƙawa. Alkawarin baki daga sabon wuri ba aiki ba ne, ko da wanda ya yi maka shi aminin babanka ne. Kada ka saki reshe ka kama ganye. Jira takardar ɗauka ta zo hannunka, ka karanta albashi da ranar farawa, ka ƙirga kwanakin notis ɗinka baya daga wannan rana, sannan ka sa kwanan wata a saman takardarka.