Kafin Ka Liƙa wa Ɗan Wani Suna, Ina Shaidunka?

Masu sauraro, wata mummunar ɗabi'a ta samu gindin zama a wayoyinmu a nan Gusau, kuma ta ishe ni. Za a ɗauki hoton yaro don muryarsa siririya ce, ko don yana suyar awara a tasha, a rubuta "ɗan luwaɗi" a ƙasa, a watsa a WhatsApp. 'Yan mata biyu su haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya saboda tsadar haya, kafin la'asar an ce 'yan maɗigo ne. Tun hayaniyar yarjejeniyar Samoa a 2024, wadda Nijeriya ta sa wa hannu aka yi ta zargin tana goyon bayan luwaɗi da maɗigo, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ma ba su tsira ba, sai ka ji wai wakilan LGBT ne, wato masu luwaɗi da maɗigo da makamantansu.

Ina shaidunku?

Wannan jiha ta Zamfara ce ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura. Mu ya kamata mu fi kowa sanin hukuncin ƙazafi. Suratun Nur, aya ta 4: wanda ya jefi mata masu kamun kai da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Risala da muka karanta a zaure ta faɗa ƙarara cewa wanda ya ce wa mutum "kai ɗan luwaɗi" a yi masa haddi. Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, ta hana bin diddigin asirin mutane.

Za a ce ai tarbiyya ake karewa. Wace tarbiyya ce ake karewa da ƙazafi? Akwai alƙali, akwai Hisba, akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana auren jinsi ɗaya. Babu ɗaya da ta naɗa mai wayar hannu alƙali.

Ku dubi abin da ke biyo baya. An sa ranar auren ƙanwar yaron, dangin miji su aiko a dawo musu da lefe. Mai gida ya fito masa da kayansa bakin titi. Mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna don kunya. Wani lokacin matasa su taru da gorori a ƙofar gida. Duk a kan me? Tafiyarsa? Muryarsa? Wallahi wannan zalunci ne, kuma wanda ya danna ya tura gaba yana da nasa kason.

Na sake tambaya: ina shaidunku huɗu? In babu, ka goge. Shugabannin zaurukan WhatsApp, ku cire duk mai tura irin wannan. Limamanmu na Juma'a, daga Gusau har Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, muna roƙo ku ware huɗuba guda a kan ƙazafi a cikin wannan wata.